Wanda Ya Naɗe Zanen ta Baya

Insifekta na tsakiyar shan shayi wani mutum ya faɗo ofis, ko sallama bai ƙarasa ba. Takalminsa duk siminti.

"Yallaɓai, an shiga gidanmu."

"Me aka ɗauka?"

"Takarda."

Sajan Dogo ya ɗago kai daga rubutun da yake yi. "Takardar kuɗi?"

"Zanen gini. Wanda hukuma ta buga wa hatimi."

Mutumin shi ne babban ɗa a gidansu, kowa Yaya yake ce masa. Mahaifinsu na kwance a asibiti tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce ƙarshen mako za a sallame shi, amma a keken guragu zai koma, kuma keken ba ya shiga ƙofar ɗakinsa, balle banɗaki. Dole sai an rushe bangon da ke tsakanin falo da ɗakin marigayiya mahaifiyarsu, a fitar masa da ɗaki mai faɗi.

"Wata da watanni ina zarya," in ji Yaya. "Mai zane ya zana, injiniya ya sa hannu, hukumar tsara gari ta yi ta ce mini in dawo gobe har takalmina ya cinye. Yau jami'insu ya zo ganin kwafi mai hatimi kafin a sa guduma. Na buɗe dogon kwanson da muke ajiye zanen a ciki, babu shi. Nan take ya rubuta mana A DAKATA da jan fenti a bango."

"Ba za su ba ka wani ba?"

"Sai an sake bin layi daga farko. Yallaɓai, tsohon nan tambayarsa ɗaya kullum: yaushe zan koma gidana? In aikin ya tsaya sai dai mu kama masa haya. Na san shi. Ba zai yi ƙarko a gidan haya ba."

Insifekta ya ture kofin. "Dogo, ɗauko mota."

Gidan irin na da ne. Doguwar baranda, tagogi masu gilasai jere da ake ɗagawa da ɗan ƙarfe, daɓe ja da ƙafafu suka goge har yana ɗaukar ido. Insifekta ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. A irin wannan gida ya tashi. Nasu yanzu shagunan sayar da waya ne.

Wani dattijo na zaune a baranda da gilashi mai kauri a idonsa.

"Kawunmu ne, ƙanin Mama," in ji Yaya. "A ɗakin baya yake zaune tun da ya yi ritaya."

"Sannu da hutawa, Kawu. Jiya kana gida?"

"Ina asibiti wajen surukina, ranka ya daɗe, tun safe har yamma. Ni da idon nan nawa, ko an ba ni zanen ban san samansa da ƙasansa ba."

A falo talabijin na nan, agogon bango na nan. An fasa gilashi biyu a tagar baya. Insifekta ya leƙa waje. Fasassun gilasan duk a cikin ciyawa suke, ko ɗaya babu a kan daɓe.

"Dogo, ɓarawo daga waje yake fasa taga ko daga ciki?"

"Daga waje, Yallaɓai. Sai dai in fita ce ta gagare shi."

"Kuma ta wannan ramin ko kyanwa sai ta rage ciki."

Kwanson zanen na kan teburin cin abinci, an mayar masa da murfi. A ciki akwai sauran kwafi marasa hatimi, an naɗe su tsaf. Insifekta ya sa shi a hammata.

Magini na zaune kan tarin bulo a tsakar gida, shi da leburorinsa, sun rasa abin yi.

"Jiya ka zo gidan nan?"

"Ban zo ba, Yallaɓai. Yau ne ranar fara aiki."

"To wa ya ɓare filastar gindin bangon can? Gara ce ta ci?"

Magini ya sosa ƙeya. "Ɗan gwaji ne kawai, in ji taurin bangon. In jami'i ya san na taɓa kafin ya zo, kashina ya bushe, shi ya sa na yi shiru. Amma wallahi ban taɓa takarda ba. Ni da nake neman aikin?"

"Da me ka shiga?"

"Makulli na ƙarƙashin tukunyar fure. Kowa ya sani."

"Wa ka gani?"

"Autar gidan. Ta fito da wani abu lulluɓe da zani, direban tasi na taya ta."

A wani kantin magani Auta ke aiki. Da ta gan su sai ta shiga jera kwalaben da tuni suke a jere.

"Jiya ina nan wuni guda," in ji ta.

"Tasi fa? Ita ta kai kanta gidanku?"

Idonta ya kawo ruwa. "Keken ɗinkin Mama na ɗauke. Yaya cewa ya yi a kai shi sito. Sito fa! Keken da ta ɗinka mana kayan makaranta da shi, har nasa wandon da yake ta yagawa a gwiwa."

"An ce ba kya son a rushe bangon."

"Ba na so. Na faɗa masa a gaban kowa, har muka daina gaisawa. Amma Babanmu ne zai zauna a ciki. Ban yi hauka ba tukuna."

"Da kika shiga ɗakin Mama, me kika gani?"

Ta yi ɗan tunani. "An share shi. An buɗe taga. Akwai kofin shayi a bakin tagar, da na taɓa shi da sauran ɗumi. Na ɗauka Yaya ne, har na ji tausayinsa."

Yaya kuwa tun safe yana asibiti jiya, ma'aikatan jinya sun shaida. Da Sajan ya tambaye su labarin dattijo mai gilashi, sai suka ce shi da rana tsaka ya iso.

Daga nan suka wuce hukumar tsara gari. Benci cike da mutane, kowa rungume da naɗin takarda kamar jariri. Aka tura su ofishi na gaba, na gaba ya tura su na sama, na sama ya ce mai kujerar ya fita.

"Yallaɓai," in ji Sajan, "yau mun ɗanɗana abin da mutane ke ji a wurinmu."

A ƙarshe suka dace da matar da ke kula da ɗakin ajiyar zane, wadda furfura ta gama cin kanta a wurin. Ta tabbatar musu cewa sabon hatimi sai an sake buɗe fayil. Ta zaro kwafin daga kwanso don ta duba lamba, sai ta yi murmushi.

"Ikon Allah. Wa ya naɗe wannan?"

"Me kika gani?"

"Dubi, fuskar zanen na waje. Yaran yanzu ciki suke naɗewa, ka shimfiɗa a tebur ya yi ta nannaɗewa yana marin hannunka. Mutanen da, masu zane da alƙalami da tawada, sai sun kifa shi tukuna su naɗe ta baya. In ka buɗe sai ya kwanta lumui." Ta shafa takardar. "Da can ɗakin sama cike yake da su, kowa da teburinsa mai gangara, rediyo na yi ƙasa-ƙasa. Sabon yaro in ya naɗe zane ta ciki, rula yake sha a bayan hannu. Yanzu duk sun watse. Rabona da ganin wannan naɗi har na manta."

Insifekta ya buga wa matashin da ya zana aikin waya.

"Ta yaya kake naɗe zanenka?"

"Naɗewa kuma? Yadda ya fito daga inji, Yallaɓai. Akwai wata hanya ne?"

Kafin su fita, Insifekta ya nemi jami'in da ya yi rubutu da jan fenti, ya roƙe shi ya same su a gidan gobe da safe.

Washegari kowa ya hallara a falo. Insifekta ya shimfiɗa kwafi ɗaya a tebur, ya ce kowa ya nuna masa bangon da za a rushe, sannan ya naɗe masa takardar. Yaya ya nuna, ya naɗe. Auta ta naɗe ba tare da ta kalla ba. Magini ya dunƙule ta kamar tabarma. Duk ta ciki.

"Kawu, saura kai."

"Ni me zan gani a nan, ranka ya daɗe?"

"Ba sai ka gani ba. Taya ni naɗewa kawai, hannuna ya gaji."

Dattijon ya matso. Hannuwansa ba su yi shawara da shi ba. Ya kama gefen takardar da yatsa biyu, ya kifa ta, ya daidaita bakinta da tafin hannu, ya naɗe ta baya, ya buga ƙarshenta a tebur don ta yi daidai. Sai da ya miƙa ta sannan ya ga yadda Insifekta ke kallonsa.

"A ɗakin sama na hukumar tsara gari ka yi aiki, Kawu?"

Yaya da Auta suka dubi juna.

"Ai Kawu akawu ne," in ji Yaya. "Ko ba haka ba?"

"Akawu na ƙare," in ji dattijon a hankali, "da ido ya fara tafiya. Kuna yara a lokacin." Ya jawo kujera ya zauna. "Ni na zana gidan nan."

Auta ta dafe baki.

"Da uwarku za ta yi aure ba ni da abin ba ta. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, da ɗinkinta na yi karatu. Sai na ce mata, yayata, ni gida zan zana miki. Ta zauna kusa da teburina tana faɗa ina ja. Ta ce tagar ɗakinta a sauke ta ƙasa, daidai kan keken ɗinki, don hasken safe ya sauka a kan allura. Ta ce bangon nan a yi shi da kauri, kada ƙarar keken ta hana mijinta barci. Ni na kai zanen da ƙafata aka buga masa hatimi. Ranar ta yi ta juyi a filin nan, babu komai sai ciyawa da turaku, tana cewa nan ne ɗakina."

Ya cire gilashinsa ya goge.

"Shekaranjiya na yi shayi na shiga in yi sallama da ɗakin. Na share shi. Da na fito sai na ce bari in ga yadda suka zana. Na ga bangon da jan layi, a rushe. Layi ɗaya, ranka ya daɗe. Inji ya ja shi, ko numfashi bai yi ba. Ban san lokacin da na zare mai hatimin ba. Sauran na mayar. Da na ji motsin Auta na koma ɗakina, da gida ya yi shiru na dawo na fasa taga don a ce ɓarawo ne."

"Ka ƙona shi?"

Kawu ya ɗago kamar an zage shi. "Zane? Yana ƙarƙashin katifata. Ko lanƙwasa bai yi ba."

Yaya ya dube shi. "Kawu, Baba fa? A gidan haya kake so ya ƙarasa?"

"Na je asibiti da ranar nan. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce, an fara aikin? Na ce masa an kusa." Dattijon ya sunkuyar da kai. "Tun lokacin abinci bai wuce mini ba. Na so in mayar, kun riga kun kira 'yan sanda."

Sajan ya je ya dawo da zanen. Jami'in hukuma ya duba hatimi da sa hannu, ya fita ya soke rubutunsa da fenti.

"Kuna iya farawa," in ji shi.

Yaya ya tare gaban Insifekta. "Yallaɓai, na janye ƙara. Maganar gida ce."

"Ka janye a ofis, a rubuce. An fasa taga, an yi mana ƙarya, saura kaɗan in rufe magini a kan laifin da bai yi ba. Sai Kawu ya je ya ba da bayani."

Sajan ya laluba ankwa. Insifekta ya girgiza masa kai.

Kawu ya miƙe ya gyara hularsa. "Mu je, ranka ya daɗe. Gara ma kada a rushe bangon ina nan."

Auta ta riƙe masa hannu har bakin mota. Ya sa ƙafa ɗaya ke nan gudumar farko ta sauka. Ƙarar ta fito ta baranda ta cika titi. Dattijon ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙofa, bai waiwaya ba. Ba wanda ya ce ya yi sauri.

Ta biyu ta sauka. Ya shiga ya zauna.

Insifekta ya rufe masa ƙofa a hankali, ya zagaya ya shiga gaba.

"Dogo, ɗaga gilasai," in ji shi. "Kunna rediyo. Ƙara murya."