Makokin Afrakoma Tana Raye

Rowar da ta fi kowace rowa muni ita ce a hana mara lafiya kuɗin magani, ana tanadin na makokinsa. Ita ta kayar da Agyekum na garinmu Efiduase, kuma a idona aka yi.

"Boadu... hoton wa ke nan?"

Afrakoma ta tsaya a ƙofar shagon buga takardu, dafe da ƙirjinta na hagu. Boadu, saurayinta mai shagon, ya yi wuf zai kife takardar, amma ta riga ta gani.

Fuskarta ce, tana murmushi. A sama an rubuta: Ta koma gida. Ga shekarar haihuwa, an bar gurbin ta mutuwa.

"Kawunki Agyekum ya kawo," in ji shi. "Guda ɗari biyu. Wai tunda ina sonki, in yi masa ragi."

"Ka buga?"

"Haba, zinariyata! Hannuna ya bushe in na buga!"

Sankarar mama ce ta kama ta, har ta kai ƙashi. Likita a Kumasi bai ɓoye ba: ƙwayar da ya rubuta ba za ta warkar ba, amma za ta riƙe cutar, wataƙila shekaru. Kwalin wata ɗaya sidi dubu tara a kuɗin Ghana, inshora kuma ba ta biya. Ta sayar da keken ɗinkinta, Boadu ya sayar da babur, suka samu wata biyu. Ranar nan saura ƙwaya shida.

Agyekum kuwa shi ne shugaban dangin uwarta, shi ke riƙe da gonar kokon da marigayiya uwar tata ke da kaso a ciki. Suka same shi yana cin sakwara.

"Kawu, na zo da ƙafata, ka ga ban mutu ba."

"'Yata, likita da bakinsa ya ce ba warkewa. In zuba kuɗin dangi a rami? Ran da abin ya faru, da me zan kama rumfuna? Da me zan ciyar da baƙi? So kike a yi mana dariya?"

"Baba, ku ba ni aurenta," in ji Boadu. "Ni zan ɗauki nauyinta."

Agyekum ya tuntsire da dariya.

"Kai mai tawada a farce! Mata kake nema ko gawa?"

Afrakoma ba ta yi kuka ba sai da suka fito. Ta share ido, ta ce, "Gudummawar nawa ake tarawa a makokin mace kamata?"

"Daina wannan magana, don Allah..."

"Amsa min, masoyi."

"Dubu sittin... saba'in, in an cika."

"To je ka buga. Ɗari biyun. Ka sa Asabar mai zuwa, ka rubuta a ƙasa cewa mamaciyar da kanta za ta gaisa da baƙi."

"Afrakoma! Kiran mutuwa ne!"

"Ta riga ta san gidanmu. Ni maganin nake kira."

Yana bugawa hawaye na ɗiga.

Asabar gari ya cika filin makaranta, tufafin makoki ja da baƙi ko'ina. Wasu tausayi ya kawo su, wasu gulma. Afrakoma ta zauna a teburin karɓar gudummawa cikin baƙin zane, ƙwaya ɗaya ta rage a jakarta. Boadu na tsaye a bayanta riƙe da lasifika.

Sa'a guda, ba wanda ya matso. Kowa na tsoron ya zama na farko.

Sai ga Agyekum yana huci.

"Abin kunya! Abin ƙyama! Ku watse! Kakanni ba za su yafe ba!"

Mutane suka fara ja da baya. Boadu ya riƙe hannun Afrakoma gam.

"Kwantar da murya, Agyekum."

Kaka Pomaa ce, babbar macen dangi, wadda da bakinta aka ɗora shi kan shugabancin. Ta tako da sandarta har teburin, ta dubi jikar tata.

"Ke gawa, kin karya kumallo?"

"A'a, Kaka."

"Shi ya sa kika rame." Ta kwance bakin zane, ta ajiye sidi ɗari biyu. "Kai yaro, faɗa a na'urar nan kowa ya ji. Kuɗin da na ajiye ne don ranar binne ta. Na fi son ta ce min na gode."

Boadu ya faɗa a lasifika.

Matan kasuwa suka taso. Teloli suka biyo, sai direbobi, sai 'yan cocinsu. Kowa aka kira sunansa, Afrakoma ta miƙe ta kama hannunsa. Kafin la'asar an samu kuɗin maganin wata bakwai.

A nan Boadu ya durƙusa gaban Kaka Pomaa.

"Kaka, ina neman aurenta."

"Ka san ba ta da tsawon kwana?"

"Na sani. Ko kwana goma ne, nawa ne."

Afrakoma ta rufe fuska. "Kai, wawa ne kai..."

"Naki ne dai."

Aka ɗaura auren bayan mako biyu. Kason uwarta na koko, da dangi suka mayar mata, ya ci gaba da sayen ƙwayar. Shekara uku da wata huɗu ta yi a ɗakinsa, ta sake sayen keke, ta ɗinka wa rabin garin kaya. Ta rasu da safe, kanta a kan cinyarsa.

Shi kuwa Agyekum, ga abin da ya rasa. Kujerar shugabancin dangi, a makon makokin nan aka karɓe. Gonar koko ta fita hannunsa. Kuɗin da ya ba kafinta na akwatin gawa da na masu rumfa, ba a mayar masa da ko sisi ba. 'Ya'yan 'yan'uwansa mata goma sha ɗaya suka daina taka gidansa. Yau shekararsa saba'in da biyar, in zazzaɓi ya kayar da shi, babu mai tambayar ko ya sha magani.