Ƙusar da Ma'azu Ya Karɓo a Barmu

Idan kun bi hanyar da ta fita Tawa ta yi arewa, za ku ga wani kangon gidan mai, famfunansa sun yi tsatsa, ko akuya ba ta kwanciya a inuwarsa. Na Ma'azu ne. Masu wucewa kan ce karayar arziki ce. Ina! Karayar arziki ai tana barin mutum da ruwan sha.

Ma'azu kananzir yake sayarwa a kwalba a bakin kasuwa. A shekarar babban fari, gab da soja su karɓi mulki, manyan motoci suka riƙa wucewa da hatsin taimako. Jama'a na kallon buhuna, shi yana kallon man da motocin ke sha. Ya sayar da gonar gado ya kafa ɗan gidan mai a jikin gidansa, direbobi suka ƙi tsayawa. Wannan haushi ya kai shi wurin wani boka mai suna Ciɗo, can cikin duwatsu bayan Barmu.

Da tsakar rana ya isa. Ba bukka, ba rumfa. Busasshiyar rijiya ce a gindin mataccen gawo, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, an kewaye ta da ƙahonin shanun da fari ya kashe, kowanne cike da toka. Ciɗo na zaune, ƙafafunsa na reto cikin ramin.

"Mi kaka so?"

"Arzikin da ba shi jiran damina. Amma in jini ne, ban iyawa. Ina da iyali."

Ciɗo ya yi dariya marar sauti. "Wa ya ce maka jini? Bana ƙasa ta ƙoshi da shi. Ƙishirwa take ji."

Ya zura guga cikin rijiyar da ba ta da ko laima, ya jawo, sai ga doguwar baƙar ƙusa a jiƙe. Ya ce Ma'azu ya binne tanki na biyu wanda ba wanda ya san da shi, ya huda gindinsa da ƙusar, kuma duk man da aka kawo, a wannan tankin za a fara zubawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai ranar da ka nuna ma wani wurin, ruwa ya gama wuce maƙogwaronka."

"Ita ƙasar kuma, bayan man, mi za ta karɓa?"

"Ban tambaye ta ba. Kai ma kar ka tambaya."

Ma'azu ya ga abu da arha. Ya sami waɗansu 'yan gudun yunwa masu wucewa kudu, suka haƙa masa rami a ƙarƙashin ɗakin ajiya, suka yi gaba.

Kai, arziki ya zo kamar an ɓalle masa ƙofa. Motoci suka yi layi har kan kwalta. Ya je Makka, ya zama Alhaji. Don zuciyarsa ta bar damunsa, ya sa aka ƙara wa rijiyar gidansa zurfi, ya fasa katanga ya buɗe wa unguwa su ɗiba sadaka. Mata na ja suna sa masa albarka. Da wani maiƙo mai ƙyalli ya fara tasowa a kan ruwan, sai su kwashe da ƙwarya su ce robar guga ce.

Matarsa Sauda ce ta fara rasuwa, da ciwon ciki da ramewa. Ƙananan yara suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗansa Illa ya haukace, yana rarrafe a bakin ɗakin ajiya, yana kara kunne a ƙasa yana cewa ga ta nan tana sha, har ranar da ya shiga daji bai dawo ba. Ma'azu ya daina zuba mai a ɓoyayyen tankin. Motoci suka ɗauke ƙafa, gidan mai ya mutu, amma warin bai bar rijiya ba.

Shekaru suka tafi, fari ya sake dawowa. Rijiyoyin unguwa duk suka ƙafe, ban da tasa. Sai ga Balki, ɗiyar da ta rage masa, ta dawo daga Tebaram da jariri a baya, mijinta ya tafi ci-rani.

"Kar ki sha ruwan rijiyar nan," in ji shi.

"Baba, to in sha na ina?"

Ya gaji, gajiyar da barci ba ya magani.

Da marasa lafiya suka yi yawa a asibiti, aka turo wani ma'aikacin ruwa, Attaher. Ya huda ƙasa nan da can, yana shinshina abin da ya fito, yana cika kwalabe. Ya ƙyasta ashana a kan guga, wuta ta lashi ruwan. Ya sa aka tone tankin da kowa ya sani, aka same shi ba ko tsaga.

Attaher ya durƙusa gaban tsohon. "Baba Alhaji, tankinku lafiya lau yake. In ban sami inda man ke fitowa ba, soja ba za su rufe rijiya cikin farin nan ba, ba kuma za su turo motar ruwa ba. Akwai wani?"

"Babu."

Ma'azu ya juya kai don kada su haɗa ido, sai ya hangi Balki a gindin randa, tana ɗiga wa jaririn ruwa da tafin hannu. Yaron ya haɗiye, ya yi amai, ta sake ɗiga masa. Haka Sauda ta yi wa autanta kafin ta rasu.

Ma'azu ya jawo sandarsa. Ya shiga ɗakin ajiya ya buga ta a daɓe. "Ku haƙa nan."

Suka haƙa. Tanki na nan cike fal, bayan duk waɗannan shekaru, ƙusar na maƙale a gindinsa tana ɗiga. Aka zuba wa rijiya siminti, motar ruwa ta fara zuwa unguwa.

Balki ta cika kofi da sabon ruwan ta kawo masa. Ya kai baki, ya ji warin mai, maƙogwaro ya rufe ruf.

"Baba, wallahi tsarkakakke ne. Ka gani, na sha."

Ya gani. Ya sake gwadawa, ruwan ya dawo ta hanci. Aka gwada madara, aka gwada rubutu, aka gwada fura. Leɓunansa suka tsage, harshe ya kumbura. Yana kwance yana jin jikansa na haɗiyar ruwa ƙwat-ƙwat, har rai ya yi halinsa, kofi cike a gefen kansa.

Yaron ya rayu. Balki ta goya shi ta koma Tebaram, ba ta ɗauki ko cokali daga gidan ba. Har yau duk wanda ya haƙa rijiya a unguwar, mai yake tararwa.

To, kai mai gaggawar arziki, ka ji. In aka ce maka ba a son jini, ka ƙara jin tsoro. Abin da ka binne a ɓoye, 'ya'yanka ne za su fara jawo shi da guga.