Mutuwar Jatan Lande a Tafki Na Bakwai

Ƙarfe tara na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Mahajanga, wai an zuba guba a gonar jatan lande. Sufeto Jaovelo ya ture kwanon shinkafarsa, ya hau kwale-kwale mai inji.

A ƙofar gonar mai gadi ya miƙo masa takalmin roba, ya nuna masa wani kwatamin siminti cike da ruwan magani.

"Yallaɓai, sai an tsoma ƙafa. Cuta ake kashewa."

"Kowa da kowa?"

"Kowa," in ji mai gadi, idonsa a ƙasa.

Manaja Ramanga na tsaye bakin tafki na bakwai, ya toshe hanci da hankici. Watansa shida da zuwa daga babban birni, da digiri biyu da takalmin fata mai tsini, kuma har yau bai iya riƙe jatan lande ba tare da ya yamutsa fuska ba. Tafkin kuwa ya yi ja da gawar jatan lande.

"Ba sai ka wahala ba, Sufeto. Na kama ɗan iskan. Ga kwalbar maganin ƙwari, a jakarsa na same ta. Ka kai shi kurkuku kawai."

"Da ka zo ma ka karɓi kakin nawa," in ji Sufeto.

Ɗan iskan shi ne Baba Tombo, shekara goma sha tara yana ciyar da tafkin. An kulle shi a sito, yana zaune kan buhun abinci.

"Baba, kai ka zuba?"

"Ni? Tun suna kamar gashin ido nake ba su abinci, ɗana."

"To wa ya je bakin tafkin a makon nan ban da kai?"

"Ban ga kowa ba."

Ya cika saurin amsawa. Sufeto ya tuna cewa gidan da tsohon ke ciki da jikokinsa na kamfani ne, sai ya ƙyale shi.

A ɗakin gwaje-gwaje Madam Soanirina, mai kula da lafiyar jatan landen, ta ɓare ɓawon kan wata gawa, ta ɗaga shi a haske. Ɗige-ɗige farare, kamar an yayyafa gishiri.

"Guba? Hmm! Sau uku na auna ruwan, babu ko ɗigo. Cutar farin tabo ce. Na faɗa wa Manaja tun asuba, ya ce in tsaya a matsayina."

"Ta ina take shigowa?"

"Ta ƙafa, ta kaguwa, ta tsuntsu. Mun kange, mun rufe da raga. Mafi muni, jatan lande na waje. Shi ya sa ko a miya ba a shigo da shi nan. Ko an daskarar da shi ma, cutar ba ta mutuwa."

Sufeto ya bi magudanar da ke kawo ruwan teku zuwa tafkin, inda manyan kifaye ke taruwa. A busasshen taɓo ya ga sawun takalmin roba birjik. A tsakiyarsu akwai wani sawu mai tsini da ƙaramin dunduniya. Ya durƙusa bakin ragar ƙarfe, ya zaro zaren fatsa, ƙugiyar na nan maƙale.

Ya yi tsaki.

A ofis Manaja ya buɗe firij zai ɗauko masa lemo. Sufeto ya riga shi kai hannu, ya jawo wata baƙar leda daga can ƙurya. Jatan lande ne na kasuwa. Madam Soanirina ta ɓare guda, ta ajiye ɓawon a kan tebur, ga fararen ɗige-ɗigen nan a jiki.

"Na mai dafa mini abinci ne," in ji Manaja.

"Mai dafa maka abinci na sa takalmi mai tsini? A kawo Baba."

Aka kawo shi. Sufeto ya ajiye ƙugiyar kusa da ɓawon.

"Baba, in ka sake cewa ba ka gani ba, shekara biyar ce a kurkuku. Jikokinka ma gidan ba zai zaunu musu ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙugiyar.

"Ran Lahadi ne. Ni na riƙe masa laima. Na ce, ranka ya daɗe, wannan abin ba ya shiga ruwanmu. Ya ce wanda bai gama firamare ba ba zai koya masa kimiyya ba."

Gumi ya karyo wa Manaja.

"Guda shida kawai na sa a ƙugiya! Guda shida! Ragowar na watsa wa kifi. In masu kamfani suka ji, na kaɗe har abada. Shi kuwa tsoho ne, me ya rage masa?"

"Kwalbar fa?"

"Ni na sa masa."

Madam Soanirina ta kawar da kai kamar ta taka kashin kare. Sufeto ya ɗaura wa Manaja ankwa, ya tasa shi gaba, Baba Tombo na biye, ma'aikata sun yi cirko-cirko suna kallo.

A ƙofa Manaja ya ɗaga ƙafa zai tsallake kwatamin kamar yadda ya saba. Sufeto ya riƙo wuyan rigarsa.

"Fatar Italiya ce, Sufeto, za ta lalace!"

"Baba, me dokar ta ce?" in ji Sufeto.

Baba Tombo ya gyara tsayuwa.

"Ƙafa biyu, ranka ya daɗe. Har idon sawu."