Jirgin da Ya Dawo a Karkace

Maiwada mai gyaran rediyo ne a Jega. Da farin soson nan da ake tokare talabijin a kwali ya haɗa ɗan jirgin sama, yana tuƙa shi daga ƙasa da rimot. Jirgin gudu gare shi, sau uku yana dukan katanga. Sai ya ƙara wa fukafukan faɗi, ya cire babban batir ya sa ƙarami. Jirgin ya koma shawagi kamar shirwa. To amma da ya yi sakayau, iska kaɗan sai ta kwashe shi. Iska kuwa ba ta kwanciya sai dab da magariba.

Matarsa Zinatu takan ce, "Maigida, almuru fa ya yi." Shi kuma ya ce yanzun nan.

Ran nan jirgin ya ratsa ta saman tsohuwar kukar bayan unguwa, ya dawo a karkace, fiffike ɗaya ƙasa. Maiwada ya duba, ba abin da ya karye. Ya rataye shi a ɗakin kaya.

Washegari ana kiran salla dutse ya faɗo kan kwano. Sai wani. Aka leƙa, ba kowa. Zinatu ta yi Bisimilla ta kulle ɗakin kayan, ta ɗaure makullin a bakin zane. Kwana na uku, 'yarsu Raihanatu tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya, ta je ƙofar ɗakin nan ta tsaya. Ba ci, ba magana. Zinatu ta yi kuka har kukan ya ƙare. Takan ɗora tukunya ta zauna, wuta ta mutu tana kallo.

Ran na shida aka ɗauko Malam Gidaɗo daga Aliero. Bayan la'asar ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a gajiye.

Malam ya ce, "Mi kike biɗa ga yarinyar ga?"

"Ɗana. Da jirgin ga na gudu, kallo kaɗai yaranmu ka yi. Da anka rage mai gudu, autana ya ɗare bisa. Ga shi can ciki."

"Mi ya hana ki ɗaukar shi?"

"Matar ga ta rufe da Bisimilla. Shi bai fita, ni ban shiga. Ta riƙe nawa, na riƙe tata."

Zinatu ta taɓa bakin zanenta.

Malam ya ce, "Za a mai da shi. Ki ɗau alkawari za ki sake ta, kuma ba ki komowa."

"Na ɗauka. Amma yadda anka kawo shi za a kai shi. Sannu sannu. Ƙarami ne."

Zinatu da kanta ta buɗe ƙofar.

Da iska ta kwanta suka fita bayan unguwa. Maiwada ya kama rimot. Jirgin ya tashi a karkace, yana tafiya kamar zai tsaya. Zinatu na riƙe da kafaɗar 'yarta, sai ta ji bakinsu ya haɗu, ita da muryar nan, suna cewa, "Sannu. Sannu."

Daidai saman kukar, fiffiken ya miƙe.

Raihanatu ta yi laushi a hannunta. Can ta ɗago ta ce, "Inna, wa ya ɗauke min rariya?"