Ƙwayar da Zaratu Ke Sha

A daminar 1985, Nasidi na zaune a shagon yadin mahaifinsa a Kasuwar Kwastam, sai ga wata budurwa ta dafa ƙofa, leɓenta a bushe, idonta na lumshewa.

"Malam, don Allah ɗan ruwa. Jiri nake ji."

Ya ba ta kujera, ya miƙa mata kofin ruwa. Kafin ta gama sha ya san sai ya nemi gidansu.

Zaratu sunanta, a unguwar Limanti take wurin kakarta Yagana. A zuwansa zance na uku ta ɗora masa wata 'yar kwalba a hannu.

"Gara ka sani tun yanzu. Magani ne, Amitiriftilin sunansa. Da aka kashe yayana a rikicin Bulumkutu na daina ci, na daina magana. Shekara uku ke nan ina sha. Shi ke busar mini da baki, shi ke sa ni jiri, shi ya sa ni ƙiba. Amma shi ya tashe ni."

"To ni ma ina gode masa, Zaratu," in ji shi.

Mahaifiyarsa, Hajiya Saude, ba ta ga abin godiya ba.

"Maganin masu taɓin hankali? Yarinyar da ba ta iya tsayuwa sai da ƙwaya? Ga Talatu 'yar ƙanena, lafiyarta ƙalau."

Maganar ta isa Limanti. Zaratu ta juye ƙwayoyin a masai ba tare da ta gaya wa kowa ba. Amai ya biyo baya, da ciwon kai, da rashin barci. Bayan wata guda baƙin cikin ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Nasidi ya sami wasiƙa a shago:

"Masoyina, na gwada in zama irin wadda Hajiya ke so, na kasa. Ka auri Talatu. Kada ka zo."

Ya rufe shagon ya tafi. Ya tarar an wuce da ita asibiti. Ashe da abin ya ishe ta, ta koma wa maganin da yawa a tashi ɗaya, ta haɗa da na mura da maƙwabciya ta ba ta. Zuciyarta ta dinga dukan uku-uku har ta faɗi a tsakar gida.

Ya koma gida ya durƙusa. "Hajiya, ki zo ki gan ta tukun, sannan ki hana ni."

Ta zo, fuska a ɗaure. Sista Edith, nas ɗin ɗakin, ba ta ɓoye komai ba.

"Mama, wannan magani ba a yanke shi lokaci ɗaya, ba a haɗa shi da na mura ko na barci. Zuciya yake taɓawa. Saura kaɗan mu rasa ta."

"Haihuwa fa?" in ji Hajiya.

"Sai sun zauna da likita kafin ciki. Ba zan yi miki alkawari ba."

Hajiya ta daɗe tana kallon Zaratu, wadda ta juya fuskarta ga bango don kunya. Can ta zauna a bakin gadon.

"Da ƙanwar Nasidi ta rasu," ta ce a hankali, "shekara na yi a ɗaki. Aljanu aka ce. Ba wanda ya ba ni komai."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Likita ya rage mata maganin sannu a hankali, amma bai ce ta bari ba, bai kuma faɗi ranar da za ta bari ba.

Da aka kawo amarya, Yagana ta yi addu'a da Kanuri tana kuka. Hajiya Saude ta riƙe hannun Zaratu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata. Ranar da abin ya yi miki nauyi, kada ki rufe ƙofa. Ki aiko a kira ni."

Nasidi ya sunkuyar da kai ya ce amin.