Tumun Gindin Gawo

Duk shekara idan gero ya nuna, akan ɗora Habiba da ƙanwarta Batulu a jaki daga Kazaure zuwa gonar kakansu Haladu, bayan duwatsun Roni. Har ta tsufa Habiba ba ta manta ƙamshin tumu ba, da surutun Batulu, wadda tsohon ke kira amaryarsa.

"Ni ba na auren mai haƙori biyu," takan ce masa, ya yi ta dariya.

A ƙarshen gonar akwai wani gawo. Geron gindinsa ba a yanka shi; tun zamanin uban Haladu ake bar wa masu wurin. Ba wanda ya gaya wa yaran, don ba a faɗin irin wannan a fili.

Wani almuru Batulu ta shigo da zangarniya a zaninta, ta gasa a murhun kakarsu Inno, ta murza, ta miƙa wa tsohon. Yana cikin tauna ya tambaye ta inda ta karyo. Ta nuna gawon. Bakinsa ya tsaya.

Kaji suka yi tsit. Dutse ya faɗo tsakar gida, wani ya biyo, ya fasa tukunyar miya. Habiba ta taɓa ɗaya, ta ji shi da zafi. Daga cikin rumbu wani abu yana kiran sunan Batulu a hankali.

Aka kwana ana jifa. Washegari da magariba aka tarar da Batulu zaune cikin tokar murhu, idonta a kafe, tana magana da muryar dattijo. Inno ta aika aka kira Malam Sama'ilu.

Malam ya dafa kan Batulu, ya daɗe yana karatu har ta fara karkarwa.

"Wane ne kai?"

"Mai gawo. An ci abincin 'ya'yana."

"Yarinya ce, ba ta sani ba. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Zan fita, amma ba hannu banza ba. Ko a bar mini gonar gaba ɗaya, ko in tafi da harshen da ya ɗanɗana."

Malam ya yi tayin rago, ya yi tayin dami goma. Muryar ta ƙi. Ya juya ga Haladu.

Habiba tana maƙale a bayan Inno, tana kallon kakanta. Tsohon ya dubi Batulu. Ya dubi gonar ta saman danga, geron ya sunkuya don nauyi.

"Malam," in ji Inno, "a ba shi gonar."

"Ke, yi mana shiru," Haladu ya ce. Ya gyara murya. "Ai da ranta zai bar ta. Mace shiru-shiru ma an fi sonta."

"Haladu, ka san abin da kake faɗa?" Malam ya ce.

"Gonar ubana ce."

Batulu ta yi atishawa, ta zube. Da ta farka ta buɗe baki ta kira Inno, ba abin da ya fito sai iska.

Ba a taɓa yin gero irin na shekarar ba. Da za su koma Kazaure, tsohon da kansa ya ɗora Batulu a jaki, ya cusa mata tumu a hannu.

"Amaryata," ya ce, "yau ba za ki tsokane ni ba?"