Zafin Rumbun Doya

Da hantsi aka kai wa Insfekta Zakir Abdulai rahoton sata a rumbun ƙungiyar manoman doya ta Salaga. Ya zo yana zaton zai tarar an kwashe rumbu, sai ya iske ko ɓawo ba a taɓa ba. Ɓarawon da ya tsallake doya a Salaga, ai abin a je a gan shi ne.

Sakatariyar ƙungiyar, Abida, ta nuna masa ƙusar da ke jikin ginshiƙi.

"Nan na'urar da aka sace take rataye, Ofisa. Ba ta fi sabulu girma ba. Tana nuna zafin rumbu, tana kuma aika shi ta waya zuwa ofishinmu na Yendi da wurin masu saye a Bawku. In ba su ga lamba mai kyau ba, ba su turo mota."

"Kwaɗon ba a fasa shi ba. Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni kaɗai."

"Mai gadi fa?"

"Baba Mukaila ba ya shiga ciki," in ji ta, tana gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

Insfekta bai ja ta ba. A gindin ginshiƙin ya riga ya ga buta da tsohuwar tabarma.

Yana fita ya kira Yendi. Wata ma'aikaciya mai suna Nusrat ta ɗauka.

"Na'urar ba ta mutu ba, Ofisa, har yanzu tana aikowa. Sai dai ba ta faɗin inda take. Mutanen Bawku sun ce doyarmu ta dahu."

"Ke me kika ce?"



"Rumbu yana zafi da rana, ya huce da yamma. Wannan ba ya hucewa, yana digiri talatin da bakwai tun shekaranjiya. Ina da yara uku, Ofisa. Wannan zafin jikin mutum ne. Kuma tun safe yake hawa."

 Insfekta ya ce ta haɗa wayarsa da lambobin, ya ɗauki kurtu guda suka nufi unguwar zango, gidan mai gadin.

Sun tarar da Baba Mukaila zaune a inuwar ɗaki, sanye da batakari, rigar saƙi mai kauri, cikin wannan rana, hannayensa biyu a kan ƙirji. Bai tashi ba, bai kuma miƙa hannu ba.

"Baba, ina na'urar rumbu?"

"Ban san ta ba, ɗana. Ni bakin ƙofa nake."

"Tabarmarka na ciki."

"Barin ta na yi a can."

"Ai ka ce ba ka shiga."

Tsohon ya kawar da kai. Insfekta ya durƙusa a gabansa, ya juya masa fuskar waya.

"Baba, ba doya ta kawo ni ba yanzu. Duba. Talatin da tara."

 Tsohon ya ɗaga batakarin a hankali. Jaririya ce ɗaure da zane a ƙirjinsa, ƙarama kamar 'yar tsako, na'urar na maƙale a gefenta.

"Jikata ce, bakwaini. Uwarta Zuweira ta rasu wajen haihuwa, yarinyar nan kaɗai ta rage mini. Nas ta ce a riƙe ta a ƙirji, kada ta yi sanyi, kada ta yi zafi. Hannuna fartanya ta kashe shi, ɗana, ba ya gane zafi. Amma lambar nan kullum ina kallon ta a rumbu, na iya ta. Ni na ɗauka. Abida ta sani, tausayi ya hana ta faɗi. Kada ka taɓa Abida."

"Ka ga tana hawa, me ya sa ba ka koma asibiti ba?"

"Na ji tsoron a ga abin a jikinta, a kama ni, ta rasa ƙirji."

Insfekta ya sha jin amsa laifi, amma babu wanda ya taɓa yi masa nauyi haka. Ya miƙe ya tallafi gwiwar hannun tsohon.

"Na kama ka, Baba. Asibiti za mu fara, caji ofis daga baya."

Suna isa bakin mota kurtun ya ciro ankwa, kamar yadda aka koya masa. Insfekta ya dube shi.

"Mayar da ita. Da wane hannu zai riƙe ta?"